Fuskar Pahoua a Ƙofar Kowane Gida

Fresno, Kalifoniya
Nuwamba, 2020

Zuwa ga yayana Nhia Long,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga ƙanwarka Zoua. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Yaya Blia da yara da jikoki duka a can garinku na Cacao. Ina roƙon Ubangijin sama da kakanninmu su tsare ku daga annobar nan, su kuma sassauta maka ciwon gwiwar da ke hana ka shiga gona. Mu nan da sauƙi. Hayaƙin gobarar daji ya wahalar da mu a watan Satumba, har da ƙyalle biyu a hanci muka riƙa tsinkar wake, amma garafuni da barkono sun yi kyau, raken ma ba laifi. Surukata Mee, uwar mijina, ta yi jinya ta tashi, yanzu har faɗa take yi da talabijin, ka san kuwa lafiya ta samu.

Yaya, ba zan ja ka da nisa ba, raina a ɓace yake, kuma Kongmeng ne ya ɓata shi, ɗan ƙanenmu Chue. Sai na fara yi maka bayanin yadda abin yake, tunda ku can ba haka kuke zaɓe ba. A jihar nan, bayan zaɓen mutane, ana jero mana tambayoyi kan dokoki, kowa ya ce e ko a'a. Bana sun fi goma: ta kuɗin haya, ta direbobin da ake kira ta waya, ta wuraren wankin ƙoda, da sauransu. Wadda ta raba mana gida ita ce ta goma sha shida. Tun shekarun da muke sababbin zuwa aka yi doka cewa jami'o'in gwamnati da ma'aikatunta kada su duba launin mutum ko asalinsa, ko mace ce ko namiji, wajen ɗauka. Bana aka tambaye mu ko a soke dokar, domin a iya tallafa wa waɗanda aka daɗe da bari a baya. 'Yata Pahoua tana bayan e. Kongmeng yana bayan a'a. Da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki biro ba.

Ka tuna shekara biyu da suka wuce Pahoua ta nemi babbar jami'ar da take mafarki tun mahaifinta yana raye, ba a ɗauke ta ba. Yarinyar nan ta yi kwanaki ba ta cin abinci. Ta roƙe ni kada kowa ya ji sai 'yan gida, muka ce wa mutane ita ta zaɓi ƙaramar kwalejin garinmu don ta taya ni aikin gona. Kongmeng yana cikin waɗanda ta gaya wa da bakinta, don tana ganinsa yaya ne mai ilimi, har shawara ta nema a wurinsa.

To, wata Asabar a watan jiya ina kasuwar manoma ina ɗaure ganye, sai Ofelia, 'yar Meziko mai sayar da lemo a rumfar kusa da tawa, ta miƙo mini takarda mai sheƙi, ta ce ta tsince ta a maƙale a ƙofarta, wai ba 'yata ba ce wannan? Yaya, Pahoua ce. Hoton ranar da ta gama sakandare, da hula da riga, da sarƙar azurfar uwarmu a wuyanta. Ofelia ta karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa: wai ta fi kowa maki a ajinta aka rufe mata ƙofa saboda ita 'yar Asiya ce, ku ce a'a kada a rufe wa 'ya'yanku. Har sunanta cikakke suka sa. Kongmeng da abokansa ne suka haɗa wata 'yar ƙungiya, suka buga, suka bi unguwa-unguwa suna rabawa. Bai tambaye ta ba, bai tambaye ni ba.

Da na nuna wa Pahoua, ta shiga mota ta zauna, ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Inna, ai lokacin da aka ƙi ni, dokar da yake karewa ce ke aiki. Ba wanda ya duba asalina. Ƙarya ya yi da fuskata." Kafin mu isa gida wayarta ta cika. 'Yan sa-kai da take buga wa mutane waya tare da su don neman e suka ce ta ɗan ja gefe har a gane inda ta dosa. Ƙawarta Latrice, baƙar fata ce, tun firamare suke tare, shinkafar gidana ta ci ta girma, ta aiko mata da hoton takardar kawai, ko kalma ba ta rubuta ba. Matan danginmu kuma da ke wucewa ta rumfata sai ka ji suna cewa, ashe ƙin ɗaukarta aka yi, mu da aka ce mana tausayin uwarta ne ya zaunar da ita.

Washegari na tafi gidan Chue. Na tsaya a tsakar gida saboda annoba, su suna bakin ƙofa. Chue ya ce siyasar yara ce, manya kada su sa baki, zaɓe zai wuce kowa ya manta. Matarsa Sua ta ce ai godiya ya kamata Pahoua ta yi, hoton ya yi kyau, ƙila ma ta samu miji a dalilinsa. Na haɗiye wannan. Sai ga Kongmeng ya fito da rigarsa ta kantin magani, yana murmushi kamar na zo karɓar ƙwaya. Ya ce don Pahoua ya yi, da 'ya'yansa, da duk yaranmu da ke kwana kan littafi. Idan e ta ci, za a ƙirga mu cikin waɗanda suka yi yawa a jami'a, a ture mu. Na ce to ka faɗi haka da bakinka, ka sa hotonka, me ya kai ka ga nata? Sai ya ce, "Gwaggo, ke fa ko littafin zaɓen ba ki iya karantawa, ki bar wa waɗanda suka san abin." A gaban ubansa, Yaya. Chue ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Kongmeng fa, yaron da na goya a sansanin gudun hijira lokacin da nonon uwarsa ya ƙafe. Na juya na tafi, don da na ƙara minti ɗaya da na faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Gaskiya ne ban iya karanta littafin nan da gwamnati ke aikowa da bayanin tambayoyin ba. Shi ya sa na sa Pahoua ta zauna ta karanta mini shi, ta fassara, ɓangaren masu e da na masu a'a. Kuma ka ji halin 'yata: duk da abin da aka yi mata, hujjar masu a'a ta karanta mini ita tsaf, ba ta rage ba, ba ta murguɗa baki ba. Ba zan ɓoye maka ba, tsoron Kongmeng ba na banza ba ne. Ni ma na san a ofisoshin nan kallo ɗaya ake yi mana, ɗan likitan da ya sauka daga jirgi da digiri, da 'yar mai tsinkar barkono, duk 'yan Asiya. Wa ya tabbatar mini idan an soke dokar za su bambance? Pahoua ta ce ba wanda ya tabbatar, amma yanzu ma an hana su dubawa, kuma ta ƙirga mini yaran unguwarmu, namu da na su Latrice da na su Ofelia, da karatunsu ya tsaya a hanya. Na yi ta juya abin ina cikin gona ina cirar ciyawa. A ƙarshe e na cika, na kai takardar akwatin zaɓe da hannuna. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da yaron nan ya zo ya zauna ya yi mini bayani kamar mutum, wataƙila da shi na bi.

A'a ce ta ci, da rata mai yawa. Ban ji zafin wannan ba kamar yadda na zata. Jama'a sun faɗi ra'ayinsu. Amma ranar Lahadi sai ga Kongmeng a ƙofata da tire na naman alade da shinkafa mai danƙo, wai komai ya wuce, kuma matarsa ta sauka, namiji, ana so in zo in ɗaura wa jariri zare a hannu in sa masa albarka, tunda ni ce babbar mace a ɓangaren uba. Ko kalmar haƙuri babu. Na ce ya ajiye tiren a inda yake tsaye. A nan tiren ya wuni, har Ofelia ta zo ta kwashe wa karnukanta.

Ga abin da nake so, Yaya. Kai ne babba, kuma Chue ba ya jin maganar kowa sai taka. Ka kira shi. Ka gaya masa ɗansa ya tsaya gaban dangi ya ce ya yi ƙarya, ya kuma koma gidan rediyon harshenmu inda ya je ya yi ta ambaton sunan 'yata, ya faɗa a can ma. Jaririn bai yi mini komai ba, na riga na yi masa addu'a a zuciyata. Amma ƙafata ba za ta taka gidan ba sai an yi wannan. Kada kuma ka ce mini in yi haƙuri don ni ce mace. Na yi shi shekara da shekaru, wannan na Pahoua ne, ba nawa ba ne da zan yafe.

Ka gaida Yaya Blia, ka ce irin gautan da ta aiko ya fito. Ka gaida Yeng da matarsa, da Maiv da 'yan biyunta, da Kawu Xeng idan har yanzu yana gane mutane. Surukata tana gaishe ku. Pahoua ma tana gaishe ka da kyau. Ta sake neman jami'ar nan a makon jiya, ta ce in gaya maka kai kaɗai. Kada gidan Chue su ji.

Ƙanwarka da ke jiran amsarka,
Zoua