Wutar da ta nufo rumbunanmu

Zuwa ga Yaya Mamman a Kano,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Yaya Hajara? Mu nan Gure lafiya, sai godiyar Allah.

Bayan haka, ran Talata da hantsi wuta ta tashi a duwatsu, iska ta koro ta cikin kwazazzabon bayan rumbunanmu. Muka ɗebi kaba za mu shiga mu tare ta, sai Kawu Bukar ya daka mana tsawa: "Wanda ya shiga ba zai fito ba! Ku share ciyawar bakin kwazazzabon." Wasu makiyayan garin Kelle da suka zo kasuwa suka bar awakinsu, suka kama hauya tare da mu, mata na zuba rairayi. Da la'asar wutar ta iso inda muka share, ta mutu. Rumbun Inna bai taɓu ba. Ta zauna gindinsa tana kuka tana hamdala.

Tafin hannuna ya sale, shi ya sa rubutun ya karkace. A sa mu a addu'a, har da mutanen Kelle, don sun tafi ko sunayensu ba mu tambaya ba. A gai da yara.

Ƙaninka,
Kiyari