An Rage wa Mama Jar Rigarta

Zuwa ga yayana Sivuyile,

Bhuti, yayana, ina gaishe ka da kyau. Ubangiji ya kiyaye ka a ramin ma'adinan Rustenburg, ya riƙa fito da kai lafiya. Mu nan Mthatha lafiya lau, masara ta yi kyau, Lwazi ɗana ya fara haƙori yana cizon kowa.

Kawu Zwelinzima ya kawo saƙonka, wai ka ga hoton Mama ta rame, ko yunwa nake barin ta da ita. Na yi kuka, amma ban riƙe ka a zuciya ba, don ba ka nan lokacin da abin ya faru. Bara asmar Mama ta tsananta, ko shanya ba ta gamawa sai ta zauna tana haki. Nas ta ce ƙiba ce ke danne mata ƙirji, shi ya sa maganin shaƙa ba ya yi mata aiki sosai. Mama ta harare ta, ta ce wannan jiki marigayi Tata, mahaifinmu, ne ya gina shi da guminsa, ba wata 'yar yarinya da za ta rushe shi. Sai wata Alhamis a zumuntar mata ta coci ta ɗauko waƙar da ta saba ja, numfashi ya yanke mata a baitin farko, wata ta karɓe. Da ta dawo, da hannunta ta miƙo mini kaskon suyar fanke, ta ce in kawar mata da shi.

Tun daga nan kullum da safe muke takawa zuwa rafi. Har tela ya rage mata jar rigar zumunta. Maƙwabciyarmu MamTolo ta shigo tana raɗa, wai ramar nan a je a gwada jini. Mama ta ce to a nuna mata saurayin da ya ba ta cutar, ita ma tana so ta gan shi. Maganar mutane dariya take ba ta, Bhuti, taka ce ta shige ta. Jiya ta ce in dawo mata da kaskon, ba za ta bar ɗanta ya ji kunya cikin abokansa ba. Ga shi Alhamis ɗin da ta wuce ta ja waƙar nan har ƙarshe, mata na share hawaye.

Ka gaida matarka Nobantu da yara, Asemahle da Luvo. Idan za ku zo Ista, kar ka ɗauko mai da sukari. Kaskon yana ƙarƙashin gadona, na ce wa Mama na ba da aro, kuma ƙaryar ba za ta daɗe ba. Don Allah ka kira ta ka ce mata ta yi kyau.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nolitha