Garken da Na Shafe da Laka

Zuwa ga Hajiya Aisata, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfin kaina. Mu nan Dakoro muna lafiya, sai maigida da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa kasuwar dabbobi tun bayan Salla, da surukata da tari ya ƙi saki. Yara ƙalau. Akuyar da ta yi ɓari ma ta tashi. Ni ce dai ba na gane kaina. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi jika biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yanzu alƙalami yana yi mini gardama.

Maganar autata ce, Sharifa. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, bara, kuma wata ƙungiya za ta ba da burus, wato tallafin kuɗi, na karatun likitan dabbobi a Gana, amma sai an ci jarrabawar Ingilishi a Maradi. Kin san lakwal ɗinmu, makarantar boko, da Faransanci ake yi, Ingilishinta kaɗan ne. Malaminta, da suke kira Mushe Hamid irin kiran Faransanci, ya ce ta daina tsintar kalmomi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar gero cikin rairayi, ta kama su dangi-dangi, wai kowace kalma tana da uwa, uwar tana da ƴaƴa da jikoki. Ta kwatanta mini da namu: sani, masani, sanarwa, sananne, duk ciki ɗaya suka fito.

Da na ji haka sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙan shi, haka yake sanin shanunsa a Tagriss. Bai taɓa ƙirga su ba. Yakan tsaya bakin rijiya ya kira uwa, ya nemi ƴarta da jikarta, in ɗaya ta ɓata nan take ya sani.

Sharifa ta ɗauki gawayi ta mai da bangon tsakar gida garke. Uwa a sama, ƴaƴa suna saukowa ƙarƙashinta. Ba na jin ko ɗaya, amma ina gane baƙaƙen, sai in nuna da kara ta faɗa. Da farko daɗi nake ji. Daga baya in ina daka ina kallon bangon, sai in ga kamar suna motsi, jajayen shanu masu dogon ƙaho suna tafe a hankali cikin ciyawar damina, sun nufi kudu, ƴata a bayansu da sanda a kafaɗa, ba ta waiwaye. Sau nawa taɓarya ta tsaya a hannuna ban sani ba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da aka fara yaɓen katanga kafin ruwa ya sauka, ranar da ta raka kakarta asibiti, na kwaɓa laka na shafe bangon nan da hannuna. Aikin wata biyar. Na ce mata don damina ne, alhali wannan gefen bai tsage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya gaban ɗanyar lakar ta riƙa kiran su, uwa da ƴa da jika, kamar mahaifina a bakin rijiya. Ni ce na gudu madafa.

Yanzu ga takardar jarrabawa ƙarƙashin tabarmata, sai uba ko uwa sun sa hannu. Maigida ya ce shi dangwala yatsa ya iya, ni da na yi karatu in yanke, ya yarda. Shekara uku na yi ina koyon rubuta sunana, ashe don in tura ƴata inda ba zan ji bakinta ba? In kuma na ƙi, da wane ido zan dube ta? Ashirin ga watan gobe ake rufe karɓar takardu. Don Allah ki amsa mini kafin ranar.

Taki,
Uwa mai zullumi, Dakoro

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba maigida da surukarki lafiya. Rubutunki kuwa ba shi da abin ba da haƙuri, na karanta shi tsaf.

Tsoronki ba wauta ba ne. Gana da nisa, yarinya ce, kuma wasu sukan tafi su dawo baƙi a gidan iyayensu. Amma shafe bangon nan ba ki kyauta ba, kin kuwa sani. Ki fara da wannan: ki zaunar da ita ki faɗa mata gaskiyar da kika faɗa mini. Sannan ki sai mata kaye, littafin rubutu, garken ya koma inda laka da ruwa ba su kai. Ki ɗauki karanki ki ci gaba da nuna mata, don dabarar Mushe Hamid mai kyau ce, kuma ke kin gaje ta tun kafin shi.

Kafin ki sa hannu, ku je wurin malamin ke da wani babba cikin ƴaƴanki. Ku tambayi wace ƙungiya ce, ina ɗalibai mata suke kwana, wa yake kula da su, ko akwai ƴar Nijar da ta riga ta je ku ji daga bakinta. In amsoshin ba su kwanta miki ba, kina da ikon dakatawa. In sun kwanta, ki sa hannu.

Ke ƴar makiyayi ce, kin san habbanaye: a ba ɗan'uwa aron saniya, ta yi shekaru a wajensa, ta dawo gida. Mai saniya ba ya kiran wannan asara. Dabbobin Dakoro da Tagriss suna jiran likitan da ya san su.

Ki kuma sa mata sharaɗi ɗaya: wasiƙa duk wata, da Hausa, da hannunta. Shekara ukun da kika yi a aji, ga ranarsu nan. Ba wanda zai karanta miki.

Allah ya ba ta sa'a, ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Aisata