Jinin da Aka Ɗiba Ba Nawa Ba Ne

Zuwa ga Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, in kana inda gaisuwa take isa. In kuwa ba ka nan, Allah Ya isar maka.

Shekara goma sha takwas ke nan ina yawo da tambaya ɗaya a garin Makka, ba wanda ya taɓa ba ni amsa sai dai ya mayar mini da wata tambayar. Shekarun farko a titi na yi ta tambaya, don ba ni da takardar shiga ofishin kowa. Da aka yi gyaran takardu na samu iƙama, wato takardar izinin zama, sai na bi tagogi: wurin 'yan sanda, asibitoci, har inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Duk tagar da na tsaya abu ɗaya ake ce mini, mene ne tsakaninka da shi? In ce maƙwabcina ne. Sai a ce, ya ammu, wato kawu, koma gida a turo danginsa. Ni ake ce wa in turo danginka. Na gaji, Ɗanlami. Gwiwoyina sun gaji, bakina ma ya gaji.

Ka san ban yi karatu ba, ko alif ban iya ja ba. Matarka Hindatu ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. In ka ga wani wuri ya yi laushi, ita ta gyara, ba ni ba. Na kira ka da sunan da uwarka take kiranka, wanda ba ya cikin kowace takarda, sauran sunayen ma na sauya su, don wasiƙar za ta shiga hannun mutane. Wanda ya san mu zai gane.

Ran Talata mai zuwa alƙali zai yi zama na ƙarshe a kanka. Bari in gaya maka yadda aka zo nan, tunda ba ka ga dama ka zo ka gani da idonka ba.

An haife ka ranar Alhamis a ɗakinmu na kwano, can kan dutsen Tandabawi, ni da uwarka ba mu da ko guntuwar takarda. Hajji muka zo, muka zauna. Maƙwabcinmu Alhaji Bukari kuwa a nan aka haifi kakansa, ɗan ƙasa ne. Uwarka ta sa ni gaba, wai yaro ba takarda ba makaranta, ba asibiti, sai gudu in an hango motar 'yan sanda. Kwana arba'in ina cewa a'a. Ranar arba'in da ɗaya na ɗauke ka da hannuna cikin zanen goyo, na zaga katanga na kai ka. Aka rubuta ka ɗan Bukari. Da la'asar aka dawo mana da kai ka sha nono. Ba mu kaɗai muka yi haka a unguwar ba. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

A gida kana ce mini Baba. Da mun taka titi sai in zama ammi Isa, kamar kowane dattijon unguwa. Ranar da aka ba ka kyauta a makaranta, Bukari ne ya zauna a kujerar iyaye, ni ina bakin ƙofa da farantin tsirena. Tsiren ma ya ƙare ƙarƙaf ranar.

Mako guda kafin ka ɓace mun yi cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba, don ka kai wa gidan Bukari naman layya kafin ka kawo mana. Na faɗi abin da na faɗa. Ka dube ni ka ce, "Baba, kai ka ba da ni, ni ban ba da kai ba."

Ranar da ka ɓace kuma da hantsi ka biyo ta rumfata, ka ce za ka kwashi alhazai daga Aziziyya zuwa Jidda. Ban ɗago kai ba. Ina fushi, ina juya nama. Bayan kwana uku aka ga motarka a Aziziyya a kulle, burodin tamis da ka saya yana kan kujera ya bushe. Shi ke nan. Ba jini, ba saƙo, ba wanda ya ga komai.

Bukari da Hindatu suka kai rahoto, ita tana da cikin wata bakwai. A rahoton aka sa sunana: maƙwabci, wanda ya gan shi ƙarshe.

Bayan wasu watanni aka aiko wai uba ya zo a ɗebi jininsa, a gwada da gawawwakin da ba a san masu su ba, waɗanda ake ajiyewa a sanyi kafin a binne. Muka zauna a zauren Bukari, ni da shi da uwarka. Ba wanda ya san yadda abin yake aiki a cikinmu. Bukari ya ce ai sha'anin takarda ne, shi takarda ta sani, shi zai je. Ni kuwa a lokacin in na shiga ofishi ba lallai in fito ba sai a jirgi. Na raka shi har bakin ƙofa, na riƙe masa lemarsa. Ya fito da auduga a hannu yana cewa ko zafi babu.

Aka ce bai dace da kowa ba. Uwarka ta faɗi ta yi sujada, ta ce to ɗana yana raye. Da wannan maganar ta rayu shekara tara, da ita ta mutu.

Tana da rai ma na gano. Wani likita Bakano da ke zuwa cin tsire na yi wa tambaya, kamar a kan wani nake yi. Ya ce jinin bare ba zai taɓa dacewa ba, ko da gawar tana shimfiɗe a gabansu. Na naɗe masa tsirensa, ya tafi. Ban gaya wa uwarka ba. Me zan ce mata?

Bukari ya rasu shekara biyar da suka wuce. Da aka zo jera magada, ga sunanka cikin 'ya'yansa. Shari'a kuwa ba ta kiran wanda ya ɓace matacce, rabonsa ajiyewa ake yi. Gidan ya tsaya cak, ba rabawa ba sayarwa, saboda rabon da ba naka ba ne. Ko ka dawo yau ba za ka ci tubali ɗaya a ciki ba, ni zan hana ka. Babban ɗansa Fu'adu ya yi haƙuri iya nasa. Ban ga laifinsa ba, ko da yake gaisuwarsa ba gishiri. Bara ya kai maganar kotu, a yanke hukunci a kanka.

Abin ba da gaggawa ake yinsa ba. Alƙali ya fara neman ranar da aka kai rahoton ɓata, don daga ita ake ƙirga shekarun jira, naka kuwa sun wuce tun tuni. Sannan ya rubuta wa 'yan sanda, da gidajen yari, da asibitoci, da masu kula da shige da fice: ko ya bar ƙasa, ko an kama shi, ko an kwantar da shi, ko ya taɓa sabunta kati. Kowace amsa sai an yi watanni ana jira. Aka buga cigiya a jarida da hotonka na samartaka, da sunan nan da ba na so. Wanda ya san inda kake ya zo ya faɗa. Ba wanda ya zo.

A zaman da ya wuce ina kan benci can baya. Larabcina na kasuwa ne, amma na gane abin da magatakarda yake karantawa. Babu, babu, babu. Sai ya zo kan na jini: an gwada da na mahaifinsa, bai dace da kowa ba. Alƙali ya gyaɗa kai ya rubuta. Na riƙe bencin da hannu biyu don kada in miƙe.

Abin da ya rage shaidu biyu ne, su rantse cewa tun ranar ba a sake jin ɗuriyarka ba. Tsofaffin unguwa sun mutu, saura sun watse. An samu guda ɗaya, na biyun alƙali ya ce lallai a kawo maƙwabcin nan da ya gan shi ƙarshe. In muka yi shaida zai yanke hukunci, a rubuta takarda a buga hatimi, ranar hukuncin ta zama ranar mutuwarka. Hindatu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, bayan shekara goma sha takwas tana korar masu neman aurenta. Ka ji ko? Mutum ya mutu ran Talata da hantsi don an buga hatimi.

Ni kuwa abin da zan ce bai da tsawo. Ya shehu, ku ɗebi nawa jinin. In na faɗa za a sake gwaji, wataƙila a ce mini yana maƙabartar Shara'i, layi kaza, kabari kaza. Shekarun nan duk sallar gawar da aka kira a Harami ina wurin sai na bi, ban sani ba ko na riga na sallace ka ina tsammanin baƙo ne. So nake in sani. Ba na neman komai bayan wannan.

Amma in na faɗa takardarka ta rushe, ta 'yarka Maryama ma ta rushe, don a kan taka aka ɗora tata. Yarinyar da ba ka taɓa gani ba. Bana za ta shiga karatun jinya. Na ce to a ɗebi nata mana. Fu'adu ya ce na Bukari yana nan ajiye a wurinsu, in aka haɗa aka ga ba jika ba kaka, me za mu ce? Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa.

Goshinka ta ɗauko, da yadda kake karkatar da kai in ana maka faɗa. Hausarta rabi Larabci ne. A gida tana ce mini Kaka, da mun taka titi sai in koma ammi Isa. Ba wanda ya koya mata, ita ta lura.

Na fi wata ina ce wa Fu'adu a'a, ba zan je ba. Ka san halina. Ka kuma san abin da nake yi ranar arba'in da ɗaya. Ran Talata zan sa farar rigata, in je in ba da kai karo na biyu. Takarda ta ƙarshe a duniya da za ta haɗa sunana da naka ita ce ta mutuwarka, a gefen nawa an rubuta maƙwabci.

Hindatu ta ce alƙali zai tambaye ni me ka sa a jikinka ranar. Ban sani ba, ɗan nan. Ƙafafunka kawai na gani, da takalmin nan mai ruwan ƙasa da ya tsinke ka ɗaure da waya. Ka ɗan tsaya, kana jira in ɗago. Da ka wuce na ware maka tsinke biyu a gefen tukuba, masu kitse, irin waɗanda kake so, in ka dawo in miƙa maka ba tare da magana ba. Ka san haka nake ba da haƙuri. Ban iya wani ba.

Allah, in yana raye Ka tsare shi, Ka juyo da zuciyarsa gida. In ya riga mu, Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka haɗa shi da uwarsa, Ka saka wa hannun da ya wanke shi. Ka yafe mana abin da muka yi da nufin alheri, ni da ita da Bukari.

Yanzu ka amsa mini, Ɗanlami. In kai ba za ka amsa ba, wani ya amsa. Direban da ya ajiye mota kusa da tasa a Aziziyya, mai wankan gawar da ya taɓa wanke wani baƙo mai tabon ƙuna a gwiwar hannun hagu, tun yana shekara huɗu ya faɗa wa tukubata. Wani ya gan shi, mutum ba hayaƙi ba ne. Yanzu ina unguwar Utaibiyya, ku tambayi tsoho mai tsire. Kada wanda ya sake tambayata mene ne tsakanina da shi. A ba ni amsa kafin Talata.

Hindatu, rubuta yadda na faɗa, nan kam kada ki gyara.

Ni ne,
Ubanka.