Zarge a Wuyan Kanela

Zuwa ga Yaya Nohemi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Arsenio da yara. Ya sanyin Bogota? Mu nan ruwa ya ja baya, shanu sun koma fadama.

Yaya, kaina ya ɗaure, ban san ta inda zan fara ba. Kin san dokar Baba tun muna yara: zarge na abin da ake son kamawa ne, saniyar da ta gudu ko baƙon doki, don yana matsewa in an ja. Dabbar gida kuwa ƙulli mai tsayawa ake yi mata. Ke ma kin sha murɗar kunne a kan wannan.

To ranar Asabar na tarar da Kanela, alfadararsa, a turke da zarge a wuya. Ta ja, igiya ta shaƙe ta, harshe waje. Da wuƙa na yanke. Na yi ta faɗa da maƙwabta, har na zargi kaina, sai Inna Ofelia mai kawo mana cuku ta ce da idonta ta ga Baba yana ɗaurawa.

Na tambaye shi muna shan kofi. Bai musa ba. Ya ce baƙuwar alfadara ce ta shigo gona, ya kama ta kafin mai ita ya zo. Kanela fa, wadda a hannunsa ta girma! Na ɗauka tsokana ce, na yi dariya, shi bai yi ba.

Abin da ya fi rikita ni, zargen nan ba shi da makusa. Hannunsa bai manta komai ba. In na ɓoye igiyoyinsa na kashe shi da rai, in na bar masa su, wata dabbar za ta mutu. Tsoro nake ji, Yaya.

Jiya ina ɗaure maraƙi sai Baba ya zo ya tsaya a kaina, ya duba ƙullin, ya gyaɗa kai. Ya ce, “Samari, hannunka na da kyau. Wa ya koya maka?”

Na ce mahaifina ne. Ya ce in gaishe shi.

Don Allah ki taho, kada ki jira hutun yara. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Evelio