Ƙofar Wutar da Ka Auna Musu

Zuwa ga Garba direba, abokina,

Bayan gaisuwa, Allah Ya yalwata maka kabari. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ba ka karanta ajamina, cewa kake kaji ne suka yi tono a takarda.

Unguwarmu Briketeri tana nan. An rushe rumfar da muke zama a bakin masallaci, masu atamfa sun cinye wurin. Hajiya Ladi matarka ta koma wurin ɗanku a unguwar Cité Verte, ƙafa tana damunta.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ka tuna mutanen nan masu jakunkuna da suka yi ta zuwa gidanka kafin ka kwanta ciwo? Ka ce mini 'yan asibiti ne. Ashe masu ƙera sabon kan jirgin ƙasa ne, mai tururi irin namu na da, wanda zai riƙa jan 'yan yawon buɗe ido a wani siririn layi. Sale mai walda na unguwar Messa yana aiki da su, shi ya kai ni na gani ranar Juma'a. Da injiniyansu ya ji sunana, sai ya ce kai ka gaya musu mai wutarka ya daɗe da rasuwa, kai kaɗai ka rage.

Na mutu, Garba? Yaushe? Wa ya yi mini wanka? A makon da ka faɗi haka ba ni na raba maka goro ba? Shekara da shekaru ina cilla itace a wuta, gashin girata yana ƙonewa, kai kana gefe da hular direba kana ɗaga wa mata hannu a tasha. Wurin bai ishe mu mu biyu ba ne?

Jirgin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Launin, usur ɗin, har inda kake jingina gwiwar hannu, duk ka ba su daidai. Sai na duƙa na sa hannuna a ƙofar wuta. Garba, ƙarama ce! Itacenmu kamu biyu ne, kaurin cinya, ana wurga shi a karkace ya faɗa lungun baya, sannan a cike tsakiya. Wannan ƙofar sai dai itacen tuwo. Hawan tudu na farko wuta za ta kwanta, jirgi ya tsaya da baƙi a ciki. Ina za ka sani? Direba gaba yake kallo, bai taɓa duƙawa ba. Na bar su da abinsu, na karkaɗe hannuna na dawo gida.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Na yi hassadar hular nan, har ranar da aka yanka jirginmu aka sayar da ƙarfen. Kuma da ciwonka ya yi nauyi na rage zuwa, don ba na iya kallon hannun da ya riƙe birki yana rawa da kofin shayi. Laifina ne. Amma ranar da barci ya ɗauke ka a gangara na ja birkin da kaina, har yau ko Ladi ba ta ji ba.

Ranar jana'izarka liman ya ce a yafe maka. Na yafe da ƙarfi, ban san abin da nake yafewa ba. Jiya na tambaye shi ko ana karɓe yafiya, ya ce abin da aka ba mamaci ya tafi.

To, ka ci ke nan. Litinin zan sa a yanko mini itace ɗaya a kasuwar Mokolo, kamu biyu cif, in kai musu in ce su tura shi ciki ina kallo. Za su faɗaɗa ƙofar. Ba don kai ba, kuma ban huce ba.

Sai na iso, mu yi ta baki da baki.

Idi mai wuta, Briketeri, da ransa.