Ni Na Watsa Bikin Cikin 'Yata, Amma Wadda Ta Raine Ta Take Zargi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, Allah ya saka muku da alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma don girman Allah kada a zage ni kafin a kai ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni uwa ce, muna zaune a Amurka, a wani gari da ake kira Wheaton kusa da Washington. Maigidana tuƙi yake yi, yana ɗaukar fasinja daga filin jirgi, ni kuma kitso nake yi a wani shago. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana. A nan aka haife ta, ta yi karatu ta yi aure, suna zaune a Bowie ita da mijinta. Mijin ɗan ƙasar nan ne, baƙar fata, musulmi, yaro mai ladabi. Ko ba don ɓoye suna ba ni ba na iya faɗin sunanta, yarinyar nake cewa. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, don haka duk maganarta da zan kawo ni na mayar da ita Hausa.

Akwai wata baiwar Allah da dole ku san ta. Lokacin da na haihu ba ni da uwa ba ni da 'yar'uwa a ƙasar nan, kuma in ban tsaya a shago ba, abin da maigida ke samu ba ya isa. Wata dattijuwa 'yar garinmu, da ke zaune da ɗanta a benen da ke samanmu, ita ta karɓe mu. Ita ta yi mini wankan jego, tana dafa ruwa a tukunyar tuwo tana kaiwa banɗaki. Ita ta goya yarinyar, ita ta yaye ta, ita ta koya mata Fatiha. Ni ina ce mata Yaya, yarinyar tana ce mata Inna. Matanmu na nan kuwa, in Yaya ta ce a tsaya to an tsaya.

Yarinyar ta samu ciki bayan an daɗe ana jira. A gaban mijinta ta gaya mini, tana dariya tana shafa cikin, ni ko na rasa inda zan sa idona. Mu yadda muka taso ciki ba a faɗarsa, sai dai a gani a yi shiru, ko hular jariri ba a saye sai an ji kukansa. Da cikin ya fito sai ta ce za a yi mata bebi shawa, wato a tara mata a kawo wa mai ciki kayan jariri, kuma a ranar za a fasa wani ƙaton balan-balan, in shuɗi ya zubo namiji ne, in ruwan hoda ne mace. Na ce, "Ke yanzu abin da Allah ya rufe shi za ki tara jama'a ki buɗe?" Ta ce, "Mama, likita ai ya riga ya gani a hoto, murna ce kawai." Na ce, "Murna sai an sauka lafiya ake yi." Ta rungume ni ta ce, "Ke komai tsoro. Ko ƙofa kika kulle sai kin yi ta komawa kina murɗawa." Ba ta yi ƙarya ba, haka nake.

Abin da ba ta sani ba, kafin ita na yi wani cikin tun muna gida. Na je biki da shi, wata mata ta dafa shi a tsakiyar taro ta ce, "Kai, wannan ciki kamar na tagwaye!" Ba tubarkalla ba masha Allah. Yaron bai zo da rai ba. Na san komai ƙaddara ce, na yarda, malamai sun faɗa na ji, amma hannun matar nan har yau ina jin sa a jikina. Ban taɓa ba yarinyar wannan labari ba. Ta yaya uwa za ta zauna da 'yar cikinta ta yi irin wannan zance?

Ita ko sai shiri take yi. Kullum sai ta kira ni a shago, hannuna duk man kitso, tana tambaya, "Mama, su Anti masa suka fi so ko sinasir? Za su zauna a kujera ko in nemo darduma?" Ta sa an kafa rumfa a bayan gidansu, ta ware ɓangare guda ta ce na mutanen Mama ne. Har gaisuwa ta riƙa gwadawa a kunnena, "Sannunku da zuwa, kun zo lafiya," tana tambaya ko ta faɗa daidai. Inna kuwa yarinyar da kanta ta kira ta, ina gefe ina ji. Yaya ta ce, "Wannan kuma wace sabuwa ce? To zan zo in ga abin da balan-balan zai haifa. In namiji ne ki gaya wa mijin nawa tun yana ciki, ni ba na cin tuwo babu nama." Suka yi ta dariya. Ni kaɗai ce ban yi ba. Abinci ya daina shiga mini, in na rufe ido sai in ga mata sun kewaye ta, wannan ta taɓa wannan ta yaba. Abokan aikinta ba su dame ni ba, a raina na ce waɗannan ba su san mu ba, idonsu ba zai kama ba. Namu nake tsoro, waɗanda suka san shekarun da aka yi ana jira, waɗanda nasu 'ya'yan har yanzu ba su yi aure ba. Kun ga zato, ko? Matan da muka ci gishirin juna, da suka tsaya mini a bikin yarinyar nan kamar tasu, su na zauna ina yi wa wannan zaton. Allah ya yafe mini.

Ana jibi biki na hau sama wurin Yaya. Na tarar tana ninke wani zanen goyo saƙi da ta sa aka kawo mata daga gida. Wallahi da na hau ban gama shirya abin da zan faɗa ba, sai ji na yi bakina ya ce, "Yaya, jikin yarinyar nan ya ɗan motsa, likita ya ce ta kwanta, an fasa taron." Zanen ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Innalillahi! Tashi mu je." Na ce, "A'a Yaya, ba ta so a sani, ko kira kada a yi. Kuma kada a ce wa mata ba ta da lafiya, kin san baki." Ta dube ni ta ce, "Kin yi tunani, ƙanwata. Bar ni da su." A gabana ta ɗauki waya ta tura saƙon murya a guruf ɗinmu na mata, wanda yarinyar ba ta ciki, ta ce, "Ranar Asabar kowa ta zauna gidanta, ba zuwa, kuma kada a tambaye ni dalili." Ba wadda ta tambaya. Dama akwai masu gunagunin cewa al'adar Nasara ce, sai suka ɗauka Yaya ce ta hana don addini.

Me nake tsammani zai faru? Har yanzu ina tambayar kaina. Na ɗauka mutanen mijin da abokan aiki za su cika wurin, ba za ta ma lura ba. Ranar na je da wuri. Ta sa doguwar riga ta atamfa, ta ɗaura ɗankwali da kanta, ya karkace, ta ce kada in gyara sai Inna ta zo ta yi mata tsiya tukuna. Dangin mijin suka zo, abokan aiki suka zo, ɓangarenmu kuwa ni kaɗai a cikin kujeru. Masa ta huce a cikin kula. Duk motar da ta rage gudu a layin sai yarinyar ta ɗaga kai. Uwar mijin ta matso ta ce mini, "Ina mutanenku?" Na ce ƙila cunkoso ne a hanya, ƙarya a kan ƙarya. Aka yi ta jinkirtawa har rana ta yi sanyi, sannan mijin ya ce a fasa. Ruwan hoda ya zubo mata a kai, mutane suna ihu suna tafi, ita kuma ta zo kusa da ni ta ce a hankali, "Mama, mun shirya in mace ce a nan zan faɗa gaban kowa, sunan Inna za mu sa mata." Ta shige ɗaki. Ko hoto ɗaya ba ta ɗora a waya ba. Ni na tsaya ina kwashe masar da ba wanda ya ci.

Ban gama da wannan ba sai wata ƙawarta, 'yar ɗaya daga cikin matanmu, ta gaya mata cewa Inna ce ta ce kada kowa ya je. Iya abin da ƙawar ta sani ke nan. Yarinyar ta kira ni tana kuka kamar ranta zai fita. Ta ce, "In haramun ne a wurinta me ya hana ta gaya mini? Ta yi mini wasa a waya, sannan ta kunyata ni gaban dangin mijina? Sun ɗauka ba ni da kowa." Na ce, "Ki yi haƙuri, ƙila da dalili." Ta ce, "Ke fa, Mama? Ke da ba kya son abin ma ai kin zo. Ke kaɗai gare ni." Jama'a, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce an fasa sunan, kuma in ta haihu ba ta son ganin kowa daga cikinsu.

Bayan 'yan makonni ta je awo, aka ce jininta ya hau, likita ya ce ta bar aiki ta kwanta, kada a ɓata mata rai. Kalmomin da na faɗa wa Yaya, su ɗin dai, ba ragi. Ni da na hana mutane zuwa don tsoron bakinsu, ni na kira wa 'yata ciwo da nawa bakin tana lafiya lau. Ko baƙin cikin ranar ne ya jawo? Ta kowace hanya ni ce. Na yi istigfari, na yi azumi, na yi sadaka, zuciyata ba ta kwanta ba. Maigida yana ganin ramar da nake yi, ya ɗauka damuwar ciwon ce, yana ta ba ni haƙuri. Shi ma bai sani ba.

Yaya kuwa ba ta san an yi bikin ba ma. Ta aika gida an yi wa yarinyar saukar Alƙur'ani. Ta daka yajin jego, ta nemo kanwa ta kunu, duk suna ɗakina a jere, in na shiga ba na iya kallonsu. Gwiwoyinta sun gaji da sanyin ƙasar nan, ɗanta ya yanka mata tikiti, a ƙarshen watan nan za ta koma gida gaba ɗaya, kuma a shekarunta ba na jin za ta sake dawowa. Haihuwar kuwa sai watan gobe. Jiya da hantsi ta sauko da sandarta, mataki ɗaya ta huta, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Na yi haƙuri na bi maganarki, amma yanzu na kira ta har na gaji ba ta ɗauka. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, jikin ne ya yi tsanani kuke ɓoye mini, ko wani laifi na yi wa 'yata?" Na ce ba komai, barci take yawan yi. Ta ce, "To ranar Asabar ki kai ni Bowie. Ba zan yi magana ba, ba zan dame ta ba. In dafa kanta kawai in yi mata addu'a, in ba ta zanen nan da hannuna." Na ce to.

Da na gwada yi wa yarinyar zancen a waya, ta ce in Inna ta zo ba za ta buɗe ƙofa ba, kuma na ji numfashinta ya canza, na yi maza na sauya magana.

In na gaya wa yarinyar gaskiya yanzu, ga jininta, ga abin da ke cikinta, in wani abu ya same su ina zan sa kaina? In na jira ta sauka, Yaya ta riga ta tafi da tambayar nan a ranta, matar da ta goya mini 'ya ba ta karɓi ko sisi ba. In na gaya wa Yaya ita kaɗai, na san halinta, cewa za ta yi in rufa wa kaina asiri, ta ɗauki laifin ta hau jirgi da shi, kuma ni mai tsoro ce, ina jin zan bar ta ta ɗauka. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Iyaye mata da ke wannan shafi, da malamai in akwai, da ku 'yan mata da kuka san zuciyar 'ya'yan yanzu, ku dube ni don Allah. Asabar ta kusa, kuma na riga na ce wa tsohuwar nan to. Me zan yi?